KWABO BA SHI DA ƊAN'UWA

Akwai wani abu da ya ɓace daga aljihun mutanen ƙasar nan sannu a hankali, ba kuwa wanda ya yi masa ta'aziyya, watau kwabo. Waɗanda suka yi wayo kafin 1973 sun san anini da ɗari da kwabo mai huji, sun san taro da sisi da sule da fataka. Har yau sunayen nan ba su bar bakinmu ba, gama mutum yakan rantse ba shi da ko anini alhali bai taɓa ɗora ido a kan anini ba. Ran 1 ga watan Janairu na 1973 naira ta karɓi wurin fam, aka zo da sababbin kwabbai, cikinsu har da na kwabo 25 mai hoton dalar gyaɗa. A 1991 aka mai da sule biyar da naira ɗaya suka zama ƙarfe, a 2007 kuma aka sake buga na kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu. Amma tsadar kaya ta bi su duka ta haɗiye. Yau in ka miƙa wa mai ƙosai kwandala a bakin titin Baga, sai ta dube ka, ta dubi kwandalar, ta tambaye ka ko lafiya.

Ni dai ba don ciniki nake kewar kwabo ba. Ban da saye da sayarwa, yana da wani aiki na biyu wanda takarda ba ta iya yi, shi ne raba gardama. Muna yara sule mai kan Sarauniya akan cilla sama don a san wanda zai fara buga tamaula, shi ya sa har gobe gefe ɗaya nake kiransa kai, ɗayan kuwa baya. Da na girma na shafe shekarun ƙarfina ina koyar da lissafi a makarantun sakandare, sai na tarar wannan ɗan ƙarfen yana koyar da abin da allo da alli ba su iya koyarwa. Amma darajarsa ta ainihi ba a aji na gan ta ba, a nan unguwarmu ta Bolori na gan ta, wajen rabon gado.

Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya rasu ya bar gida. Bayan an fid da rabon kowa bisa shari'a, sai ya zamana gidan zai rabu biyu tsakanin 'ya'yansa maza guda biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Sashe guda yana duban titi, ana iya fasa bango a yi kanti. Ɗaya sashen yana ciki, ba kanti, sai rijiya da itacen dogon yaro. Kowa ya ce na titi yake so. Wan ya ce shi ne babba. Ƙanen ya ce shi ne ya yi jinyar tsoho sa'ad da wan yake fataucin kifi a Kudu. Magana tun ana yin ta a ɗaka har ta fito zaure, matansu suka daina gaisawa, yara suka daina cin tuwo a akushi ɗaya. Bulama ya yi zama biyu a kai bai ci nasara ba, domin duk abin da ya faɗa sai ɗaya ya tuna cewa da dangantaka ta aure tsakanin bulaman da ɗayan.

Daga nan aka kai wa limamin masallacinmu. Abin da ya yi shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau. Bai tambayi wa ya fi cancanta ba. Sai ya sa aka kawo magini da igiyar awo, ya ce a riƙa matsar da iyakar da za a ja bango, ana rage wa sashen titi fili ana ƙara wa na ciki. Duk sa'ad da aka matsar sai ya tambaye su, “Yanzu wanne kuke so?” Su ce na titi. A sake matsarwa. Aka yi ta yi har aka kai inda wan ya yi shiru yana shafa gemu, ƙanen kuma ya dubi rijiyar nan da inuwar nan da faɗin filin ya ce, “Allah ya gafarta Malam, yanzu kam duk wanda ya faɗo mini na karɓa.” Wan ya ce shi ma haka. Sai a lokacin liman ya ce, “To, a kawo kwabo.”

Nan fa aka yi cirko-cirko, mutum ya fi ashirin a zauren amma ba mai kwabo. Aka aika yaro wurin mai shayi, babu. Aka aika wurin mai kanti, babu. Wani direba ne da ke zuwa Gamboru ya laluba aljihun motarsa ya fito da dala ashirin ta sefa irin ta Kamaru, ita ce ta yi aikin.

Kafin a jefa, kawunsu, wanda dattijo ne mai tsantseni, ya ce, “Allah ya gafarta Malam, wannan ba caca ba ce kuwa?” Liman ya ce tambaya ta yi kyau, ya kuma amsa ta a natse. Ya ce a caca wani ne ke asarar dukiyarsa don wani ya cinye, nan kuwa ba mai fita hannu wofi, kowa zai tafi da haƙƙinsa cif. Ya ce abin da Suratul Ma'ida ta haramta shi ne kiban nan da Larabawan Jahiliyya suke zarowa don su faɗa musu ko tafiya za ta yi kyau ko aure zai yi albarka, watau neman sanin gaibu a wurin itace. Amma ƙuri'a tsakanin masu haƙƙi daidai, wannan tana da asali. Suratu Ali Imrana ta ba da labarin masu jefa alƙalumansu don a san wanda zai riƙi Nana Maryamu. Suratus Saffati ta ambaci ƙuri'ar da ta faɗa kan Annabi Yunusa a cikin jirgi. Nana A'isha kuma ta ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. Ya ƙara da cewa ko a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar nan suka sani, akwai rabon ƙuri'a, da sharaɗin abin da za a raba ya zama iri ɗaya, shi ya sa ya ɓata yinin nan yana daidaita sassan kafin ya nemi kwabo.

Aka cilla. Sashen titi ya faɗo wa ƙanen. Wan ya daɗe yana duban ƙarfen nan a kan tabarma, sa'an nan ya ce alhamdu lillahi, ya miƙa wa ƙanensa hannu. Na tabbata da liman ne ya zaɓa da bakinsa, ko da zaɓinsa ya fi na kowa hikima, da har yau ana cewa an yi son kai. Kwabo kuwa ba shi da suruki, ba ya cin goron kowa, ba ya tuna wanda ya gaishe shi da safe. Ba shi da ilmi ko kaɗan, kuma wannan rashin ilmin shi ne jarinsa.

To, amma a lura, kwabon nan bai ce ƙanen ya fi cancanta ba. Bai kuma yi alkawarin kantin zai yi albarka ba. Mutane da yawa a nan suke zamewa, su ɗauka wanda ƙuri'a ta ba shi ne mai gaskiya ko mai sa'a. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa sun san zafin wannan. A 1968, a birnin Naples, Italiya da Tarayyar Sobiyet suka tashi ba ci a wasan kusa da na ƙarshe na cin kofin Turai, aka jefa kwabo, Italiya ta wuce har ta ɗauki kofin. A 1969 Maroko da Tunisiya suka kasa rabuwa wajen neman zuwa gasar kofin duniya ta 1970, aka kai su Marseille ta Faransa suka sake yin kunnen doki, kwabo ya ba Maroko. Ita ce ta zo ta sha gaban Nijeriya da Sudan a zagayen ƙarshe ta tafi Meziko. Irin wannan takaici ne ya sa a 1970 aka amince da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Duk da haka a 2015, a gasar kofin Afirka, da Gini da Mali suka yi daidai ta kowace fuska, sai da aka zaro ƙuri'a daga cikin kwano a Malabo, Gini ta wuce, Mali ta ɗaure kaya. Ba wanda zai ce kwanon ya san wace ƙungiya ta fi iya wasa.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na wa da ƙanen nan na Amurka da suka ƙera jirgin sama, Wilbur da Orville Wright. Ran 14 ga Disamba na 1903 suka jefa kwabo don a san wanda zai fara hawa. Wilbur ya ci. Ya hau, jirgin ya ɗan ɗaga ya faɗo cikin yashi ya lalace, sai da aka yi gyara. Ran 17 ga wata layi ya zo kan Orville, wanda kwabo ya ƙi, shi ne ya tashi na daƙiƙa 12, sunansa ya shiga tarihi.

Wani zai ce, to in mutum shi kaɗai ne ya rasa abin yi tsakanin hanya biyu fa, ya bar aikin nan ko ya zauna, ya koma ƙauyensu ko ya ci gaba da zaman birni? Tambaya ce da ta shafe mu ƙwarai a Bolori, inda rikicin shekarun nan ya taro mutane daga garuruwa barkatai, kowa da lissafin komawa gida a ransa. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Chicago, Steven Levitt, ya taɓa gwada wannan. Ya gayyaci mutanen da shawara ta gagare su, aka jefa musu kwabo sau fiye da 20,000, sa'an nan ya bi sawunsu bayan wata biyu da kuma bayan wata shida. Ya tarar waɗanda kwabo ya ce su sauya, suka kuwa sauya, sun fi bayyana jin daɗi daga baya bisa ga waɗanda suka zauna inda suke. A ganina wannan bai nuna kwabo yana da basira ba. Abin da ya nuna shi ne ɗan Adam yakan manne wa abin da ya saba fiye da kima, ko da zuciyarsa ta riga ta tashi. Kuma duk wanda ya taɓa cilla kwabo a kan abin da ya dame shi ya san wani sirri: tun ƙarfen yana sama kakan ji kanka kana roƙon ya faɗo ta wani gefe. In ka ji haka, kama kwabonka ka mai da aljihu, ka riga ka sami amsa. Amma aure da saki da barin gari ba sassan gida ba ne da igiyar awo za ta daidaita. Waɗannan akwai abin da za a bincika, akwai manya da za a tambaya, akwai istihara. Mai jefa musu kwabo ya koma wa kiban Jahiliyya ne ta ƙofar baya.

Bari in koma aji, domin can ne kashin maganar yake. Akwai reshen lissafi da za mu iya kira lissafin yiwuwa, wanda ke auna yadda abu ke kusa da faruwa ko nesa da ita. Masana sukan ce ya tsaya da ƙafafunsa ne a 1654, cikin wasiƙun da Faransawa biyu, Pascal da Fermat, suka yi wa juna. Harsashinsa mai sauƙi ne: kwabo gefe biyu gare shi, ba wanda ya fi wani, saboda haka kowane gefe yana da rabi. Yara sukan karɓi wannan nan da nan. Wahalar tana zuwa ne in na tambaye su, “In na jefa sau goma, kai nawa zan samu?” Duk aji ya ɗauka gaba ɗaya, “Biyar, Malam!” Alhali jifa goma tana iya fitowa ta hanya 1,024 dabam-dabam, cikinsu 252 ne kawai ke ba da biyar da biyar. Watau sau ɗaya cikin huɗu ma bai cika ba. Sauran lokutan shida da huɗu za ka gani, ko bakwai da uku, wani lokaci ma abin da ya fi haka karkata.

To ina rabin da aka yi alkawari? Yana can nesa, sai an yi haƙuri. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jacob Bernoulli, shi ya tabbatar da wannan a littafinsa da aka buga a 1713, shekara takwas bayan mutuwarsa: gwargwadon yawan jifa, gwargwadon yadda rabon kai ke matsowa kusa da rabi. Akwai kuma wanda ya gwada da hannunsa. John Kerrich malamin lissafi ne a Afirka ta Kudu, ya je ziyara Danmak a 1940 sai sojan Jamus suka mamaye ƙasar, aka tsare shi a sansani. Da ya ga lokaci ya yi masa yawa, sai ya zauna ya jefa kwabo sau 10,000 yana rubutawa. Kai ya fito sau 5,067. Ba rabi cif ba, amma ratar ba ta kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Nakan gaya wa yara, ga mutumin da aka kulle jikinsa aka manta da ƙwaƙwalwarsa.

Sai dai a nan ne kuskure mafi girma yake kwance, kuma ba yara kaɗai ke faɗawa ciki ba. Mutum yakan ɗauka tun da a ƙarshe abin zai daidaita, to in kai ya fito sau shida a jere lalle yanzu baya ne zai zo, kamar kwabon yana jin an bi shi bashi. Ba haka ba ne. Kwabo ba ya tuna jiya, ba ya ma tuna jifar da ta wuce yanzu-yanzu. Jifa ta bakwai rabi da rabi ce kamar ta fari. Daidaitawar ba ta biyan bashi ba ce, ta nutsarwa ce. A ce ka fara da kai goma a jere, sa'an nan ka yi jifa 1,000 suka zo wajen 500 da 500. Yanzu kana da kai 510 cikin 1,010, watau kashi 50 da rabi cikin 100. Goman nan ba a cire su ba, suna nan, ruwa ne ya sha kansu, kamar cokalin gishiri da ya ɓata ƙwaryar kunu amma ba a jin ɗuriyarsa a Tafkin Chadi.

Akwai wata dabara da malaman lissafi suka daɗe suna yi, ni ma na are ta. Nakan raba aji biyu in fita waje. Rukuni ɗaya su jefa kwabo sau 100 da gaske su rubuta, ɗaya rukunin su ƙaga sakamakon daga kansu, su yi iyakar ƙoƙari ya yi kama da na gaske. In na dawo na dubi takardun biyu, galibi nakan nuna ta gasken ba tare da jinkiri ba, yara su yi ta kallona kamar mai duba. Asirin kuwa ba wuya. Masu ƙagawa suna jin kunyar rubuta kai fiye da uku ko huɗu a jere, gani suke za a gane su. Kwabo na gaske ba ya jin kunya. Cikin jifa 100, samun gefe ɗaya sau shida ko fiye a jere yakan faru wajen sau takwas cikin goma. Abin da ke faruwa haka kawai ya fi abin da hankalinmu ke zato yawan cunkushewa wuri ɗaya. Shi ya sa in hasara uku ta bi mutum a jere sai ya fara duban maƙwabta da mugun ido.

Don cika amana, dole in faɗa cewa kwabon ma ba tsarkakakke ba ne sarai. Wani shehun malami na Jami'ar Stanford, Persi Diaconis, wanda ya fara rayuwa a matsayin mai wasan rufa-ido, shi da abokan aikinsa sun lissafa a 2007 cewa kwabon da aka cilla da yatsa aka cafe ya fi son ya sauka ta gefen da ya tashi da shi, wajen sau 51 cikin 100. A 2023 waɗansu masu bincike suka taru suka jefa sau 350,757, suka sami kashi 50.8. Rata ce ƙarama, maganinta kuwa shi ne kada mai zaɓa ya ga gefen da ke sama kafin a cilla. In ma ana zargin kwabon kansa, John von Neumann ya ba da mafita tun 1951: a jefa sau biyu, in kai ya zo sa'an nan baya wane ya ci, in baya ya zo sa'an nan kai ɗayan ya ci, in kuwa iri ɗaya suka zo a sake.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan wasan malaman makaranta ne. To, ga inda wasa ya ƙare. Ɗauki kwabo biyu ka jefa tare. Hanya huɗu ce: kai da kai, kai da baya, baya da kai, baya da baya. Yanzu ka sa a ranka kwabo ɗaya uba ne, ɗaya uwa, kowannensu jininsa AS, watau yana ɗauke da ƙwayar ciwon amosanin jini, wanda ake kira sikila, amma shi lafiyarsa lau. Kowane ciki da aka samu, uba zai ba da A ko S, uwa ma haka. Ɗaya cikin huɗu yaro ya zo AA, biyu cikin huɗu ya zo AS kamar iyayensa, ɗaya cikin huɗu ya zo SS, mai ciwon. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar yara masu wannan ciwo a duniya, kuma ba unguwar da ba a san kukan yaron da ƙasusuwansa ke sara cikin dare ba.

Na zauna da wani tsohon ɗalibina wanda ɗansa na fari ya zo da ciwon. Ya ce mini, “Malam, likita ya ce ɗaya cikin huɗu ne. To tun da ɗayan ya riga ya fito, ukun da ke tafe lafiyayyu ne ke nan.” Na rasa ta inda zan fara, gama na ga da wannan lissafin yake samun barci. Amma dole na gaya masa, ciki ba ya tuna cikin da ya gabace shi. Kowace haihuwa sabuwar jifa ce, ɗaya cikin huɗun yana nan daram ko da an haifi masu ciwon uku a jere. Haka kuma saurayi da budurwa da suka san jininsu AS ne su biyun, suka ce ai ɗaya cikin huɗu ba yawa, ya kamata su san cewa in Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, yiwuwar a ce ba mai ciwon ko ɗaya 81 ce cikin 256, ba ta kai sulusi ba. Jihar Kano ta yi doka a 2024 ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinin nan. Ko da doka ko babu, gwaji ne na ɗan lokaci kaɗan, kuma ya fi sauƙi tun ba a kai lefe ba.

Lissafin nan kuma yana wanke wata baiwar Allah da aka daɗe ana zalunta, ita ce matar da ta jera 'ya'ya mata. In ka ɗauki gidaje 32 masu 'ya'ya biyar-biyar, abin da za a zata shi ne wajen gida ɗaya ya zo duk mata, wajen ɗaya kuma duk maza, ba don wani laifi ko wata bajinta ba. Ƙwayar da ke sa yaro ya zama namiji ko mace ma daga wurin uba take fitowa. Mai sakin mace don ta haifi mata biyar kamar mai jifan tabarma ne don kwabonsa ya faɗo ta baya. Wannan bai yi karo da imani ba ko kaɗan. Allah ke ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, lissafi kuwa ba abin da yake yi illa auna iyakar jahilcinmu game da abin da Ya ɓoye.

Saura wani kuskure wanda yake kishiyar wancan, shi ne ɗaukar abin da ba kwabo ba a matsayin kwabo. Ran 10 ga Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo Maiduguri cikin dare, ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har namun gidan zu suka fito gari. Dattawa suka tuna an yi irin wannan a 1994. Ba a daɗe ba na fara jin magana iri biyu a majalisu. Waɗansu suna cewa ai abin duk shekara talatin yake zuwa, saboda haka mun huta sai jikoki. Waɗansu kuma suna cewa sa'a ce kawai, ko ta zo ko kada ta zo, ba abin da mutum zai yi.

Duka biyun ba su zauna mini ba. Aukuwa biyu ba sa kafa ƙa'ida, kamar yadda kai biyu a jere ba sa gaya maka kome game da jifa ta uku. Damina mai ƙarfi tana iya zuwa baɗi, ba ta duba kalanda. Madatsa kuma ba kwabo ba ce, gama ita tana tuna jiya. Tsagar da ruwan bara ya yi tana nan tana jiran na bana, yashin da ya taru a ciki ba ya komawa da kansa, gidan da aka gina a kan hanyar kogin Ngadda yana nan inda aka gina shi. Kwabo ba yadda za ka yi ka sauya rabinsa, amma yiwuwar ɓallewar bango tana hawa tana sauka gwargwadon kulawar da aka yi masa. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira miliyan dubu 80 don sake gina madatsar. Abin da ya kamata mazaunin Maiduguri ya riƙa tambaya duk sa'ad da hadari ya haɗu a gabas shi ne ina aikin ya kai, wa ke auna tsayin ruwan a watan Agusta, kuma in ya wuce kima ta wace hanya labari zai iso unguwanni kafin mutane su kwanta.